A Ba Mu Mutum Kafin A Ba Mu Darasi

Duk marubucin ƙagaggen labarin da aka yi hira da shi a ƙasar Hausa, a rediyo ne ko a jarida, in aka tambaye shi me ya sa yake rubutu, kusan amsa ɗaya yake bayarwa: don faɗakarwa da ilimantarwa da nishaɗantarwa. A jere suke zuwa, kuma kullum nishaɗi ne a ƙarshe. Mai tambaya ya gyaɗa kai, a wuce zuwa sunayen littattafai da tsadar takarda, a rufe da kira ga gwamnati. Ba na ƙaryata ko mutum ɗaya a cikinsu, na san da zuciya ɗaya suke faɗa. Damuwata ita ce amsar ba ta gaya mana komai game da aikin kansa. Ka tambayi tela dalilin da ya sa yake ɗinki, ya ce maka don suturta bayin Allah. Gaskiya ya faɗa, amma yaron da aka kawo masa koyo ba zai iya fitar da wuyan riga da wannan amsar ba.

Na daɗe ina koyar da Hausa a sakandare, kuma har gobe matasa na kawo mini abin da suka rubuta in duba musu. Abin da nake gani a cikin takardunsu shi ya sa ni wannan rubutu. Yawancinsu sun ɗauki amsar da manyansu ke bayarwa a rediyo a matsayin hanyar ƙaga labari. Sai yaro ya fara zaɓen darasi, illar shaye-shaye ko illar auren dole ko sakamakon cin amana, sannan ya nemo mutanen da za su ɗauko masa darasin a ka su kai shafin ƙarshe. Ra'ayina shi ne wannan hanya tana kashe labari tun yana ciki, kuma littattafan Hausa da suka rayu ba ta nan suka bi ba, ko da masu su sun ce ta nan suka bi.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi. A 1933 Dokta Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai da boko, domin a sami abin karantawa a makarantu. Daga gasar da aka shirya don haka aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Ke nan tun ran gini tun ran zane: ƙagaggen labarinmu na boko a aji aka haife shi, don 'yan makaranta. Imam da bakinsa ya gaya wa wani mai bincike cewa cikin abubuwan da East ya koya masa har da kada ya taɓa barin mugu ya yi nasara a kan mutumin kirki, komai ƙarfinsa, a ƙarshe sai an kayar da shi. Ƙa'ida ce mai ma'ana ga littafin da za a miƙa wa yaro ɗan shekara goma. Mu kuma muka riƙe ta fiye da shekara casa'in, muna auna littattafan manya da ita.

To amma a dubi abin da Imam ya yi da hannunsa. Yana da shekara ashirin da biyu, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. A bisa tsari, labarin ɗa ne da ya fita duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, domin ya wanke wanda ya rene shi daga kunyar da aka ba shi a fada. Darasin a fili yake. Amma ka tare duk wanda ya karanta littafin a firamare, ko da yanzu ya yi furfura, ka ce ya tuno maka abu ɗaya. Ba ruwan zai tuno ba, Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ambata, kuma da murmushi zai ambace shi. Su biyun nan, jarumin littafin Alhaji Imam da Zurƙe, gari-gari suke haɗuwa, wannan ya yi wa wancan wayo, wancan ya rama, kuma shi jarumin ma ba waliyyi ba ne, ƙarya da dabara yake sha da su. Imam ya faɗi inda ya samo wannan gini. Ya karanta Maƙamatul Hariri, inda Abu Zaidu da Harisu ke ta karo da juna daga gari zuwa gari, sai ya ɗauki tsarin mutum biyun ya sa musu rigar Hausa. Wannan ita ce irin maganar da nake marmarin ji daga bakin marubutanmu: na ga wani ya gina abu kaza, na gane abin da ke riƙe da ginin, na ɗauko wannan na bar wancan.

Magana Jari Ce ta fi fito da abin fili, domin matsalar marubuci ita ce matsalar da ke cikin littafin. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri ya ƙulla makirci don a fito da yaron waje a hallaka shi. Wanda ya rage tsakanin Musa da ƙofa shi ne aku. Ba shi da takobi, ba shi da ikon hanawa. In ya tsaya yi wa yaron nasiha a kan biyayya ga iyaye, kafin ya kai aya Musa ya ɗaura sirdi. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ba da labarin da zai sa mai sauraro ya ce bari in ji ƙarshen wannan tukuna, har gari ya waye. Akwai hikima da gargaɗi a cikin labaran, ba musu, amma sai da aka zaunar da yaron kafin su shiga kunnensa. Imam ya san wannan sarai. Kusan wata shida ya yi a Zariya a 1936 yana aikin littafin, East ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, shi kuma yana narkar da su har ba ka jin ƙamshin ƙasar da suka fito.

Tafawa Ɓalewa ma bai bi ƙa'idar East sau da ƙafa ba. A Shaihu Umar, uwar da aka sace wa ɗa ta bi sawunsa ta ratsa Sahara, ita ma aka mai da ta baiwa, ta sha wuyar da ba ta yi laifin komai ba, kuma da Allah ya haɗa su ba ta daɗe ba ta cika. Babu wanda ya biya ta a cikin littafin. Da an mai da ita gida cikin daula, da darasin ya fi tsabta, amma da ba mu san mene ne cinikin bayi ba. Wannan mutuwar ce ke sa mai karatu ya ajiye littafin ya yi shiru.

Dalili na biyu da ya sa marubutanmu suka manne wa kalmar faɗakarwa ya fi kusa da mu, kuma ina jin tausayinsu a kansa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano da kewaye suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Matan aure da 'yan mata da ba su taɓa sayen littafi ba suka koma saye da haya da aro. Nan da nan aka taso musu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare marubutan. A wajen jami'a kuwa zargin ya fi zafi: masu ɓata tarbiyya. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a shekarar da ta biyo baya kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Wanda aka tsare da irin wannan tuhuma, in aka miƙa masa makirufo, ba zai tsaya bayanin yadda ya gina jarumarsa ba. Zai ce shi mai faɗakarwa ne, domin a bar shi ya ci gaba da aikinsa. Sun kare kansu da abin da ya samu, ban ga laifinsu ba. Matsalar ita ce na baya sun ji kariyar, ba su ji sirrin aikin ba, domin ba wanda ya tambaya.

Wata yarinya da na taɓa koyarwa ta kawo mini labarinta a cikin littattafan rubutu na 'yan makaranta, ta ɗaure su da roba. Rubutunta mai kyau, ƙa'idojin rubutu daidai, ba ta haɗe abin da ake rabawa ba. Labarin amarya ne da uwar miji. Tun a shafin farko aka gaya mini Hajiya muguwa ce marar imani. Daga nan har ƙarshe aikinta ke nan: zagi, bin bokaye, zuga ɗa ya ƙara aure. A babin ƙarshe ɓarin jikinta ya shanye, kowa ya gudu, amaryar nan da aka wulaƙanta ita ke wanke ta, Hajiya na kuka tana neman gafara.

Da ta dawo karɓa na ce mata, “'Yar nan, Hajiyar nan taki, ina mijinta?”

Ta ce, “Malam, ai ya rasu.”

“Tun yaushe? Da me ta ciyar da yaron har ya zama mutum?”

Ta yi shiru, ta ce ba ta yi tunanin wannan ba, tunda ba ya cikin labarin. Na ce to a duniya ba ta taɓa ganin uwar miji mai wahalar sha'ani ba? Sai ta yi 'yar dariya ta gyara zama. Akwai wata a unguwarsu, in ji ta, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, ta yi shekaru tana suyar ƙosai a ƙofar gida tun kafin a kira assalatu, da shi ta biya masa kuɗin makaranta. Da ya yi aure, ba ta taɓa zagin matar ba ko sau ɗaya. In an kawo mata abinci, sai ta sa yatsa ɗaya ta ɗaga murfin kwanon, ta leƙa, ta ƙirga naman da ido, ta mayar ta rufe, ta ce, “Allah ya yi albarka.” Yadda take faɗin albarkar ne ke sa amarya ta koma kicin ta yi kuka. Kuma kullum da magariba tana zaune a bakin ƙofarta, tana jiran ta ga ɗakin da ɗan zai fara shiga.

Na ce, “To me ya hana ki rubuta wannan?”

Ta ce, “Malam, in na rubuta haka ai tausayinta za a ji. Darasin zai ɓace.”

Wannan jumlar tata ita ce ciwon gaba ɗaya. Yarinyar tana da ido, tana da kunne, ta ga abin da marubuci ke nema, amma ta ajiye shi a waje domin an koya mata cewa labari kotu ce, dole a san mai laifi tun daga farko. Alhali ko don faɗakarwar ma, wace uwar miji ce za ta karanta labarin matar da ke binne layu a maƙabarta ta ce wannan ni ce? Babu. Za ta ce Allah ya shirya, ta juya shafi. Amma mai ƙosan nan da ke ɗaga murfi da yatsa ɗaya, wadda ba mugunta ke cinta ba illa tsoron kada a raba ta da abin da ta ƙare ƙuruciyarta a kansa, wannan kam akwai matan da za su karanta su ji gabansu ya faɗi. Wanda ya gane kansa a cikin labari shi ne kaɗai labarin ke iya canzawa.

Hajiya Balaraba Ramat ta san wannan, shi ya sa nake yawan tura matasa su koma su karanta Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda ya fito a 1990. Sunan littafin karin magana ne mai ɗauke da hukunci, kuma a sama-sama ƙa'idar East ce ake bi. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne da ke ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, ya auro Delu, ya kori Rabi da yaran. Rabi ta kama sayar da abinci, ta tsaya da ƙafarta, 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Shi kuwa gobara ta cinye dukiyarsa, Delu ta juya masa baya. Marubucin da darasi kawai ya dama zai tsaya a nan, a tafa, mugu ya ga sakayya. Balaraba ba ta tsaya ba. Ta sa manya da dangi suka taru a kan Rabi sai ta mayar da shi, ta karɓe shi ba shi da ko sisi, ta ci gaba da ciyar da wanda ya kore ta. Wato alhakin ya bi mai shi, amma da ya iso gida a kan matar ya sauka. Ba a wa'azi ake samo irin wannan ƙarshe ba, sai wanda ya zauna cikin gidaje ya ga yadda ake yi. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da kimanin shekara goma sha uku, daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya. Ba ta tsaya ta gaya mana ko abin da aka yi wa Rabi daidai ne ba. Ta ajiye mana shi, kuma har yau in mata biyu suka karanta littafin sai sun yi gardama a kan shafukan ƙarshe. Ina ganin wannan gardamar ce ta kai littafin har Indiya, inda kamfanin Blaft ya buga fassarar Aliyu Kamal ta Turanci a 2012.

Wannan ja-in-ja ba mu kaɗai muka yi ta ba. Anton Cekof, likitan nan na Rasha da ya shahara da gajerun labarai, mawallafinsa Suborin ya taɓa yi masa ƙorafin cewa yana ba da labarin miyagu ba tare da ya nuna ɓacin ransa ba. A wasiƙar da ya mayar masa a 1890, ya nuna cewa in zai rubuta labarin ɓarayin dawaki, ba sai ya tsaya yana sanar da mutane cewa satar doki laifi ce ba, kowa ya san haka tun kafin a haife shi. Aikinsa shi ne ya nuna su wane irin mutane ne, yadda suke magana da yadda suke ji, hukunci kuwa ya bar wa masu karatu. Na san za a kawo mini Chinua Achebe, wanda a 1965 ya rubuta maƙala yana cewa marubucin Afirka malami ne, kuma bai ji kunyar hakan ba. Na yarda da shi. Amma a duba yadda ya koyar. Jaruminsa Okonkwo da hannunsa ya sare yaron da ke kiransa baba, don kawai kada a ce masa rago, kuma duk da haka mai karatu na bin sa har ƙarshe da tausayi. Achebe bai rage masa laifi ba, bai kuma mai da shi dodo ba. Mu ma kakanninmu da ke yi mana tatsuniya da dare haka suke yi. Gizo maƙaryaci ne, mayaudari, sau da yawa kuma yana tsira, amma ban taɓa jin tsohuwar da ta tsaya a tsakiya tana ba da haƙuri a kan halinsa ba. Ta yarda yaran da ke gabanta suna da hankali.

In darasi ba shi ne mafari ba, mene ne mafari? A ganina kunne ne. Mu mutane ne da ba mu cika faɗin abin da ke ranmu kai tsaye ba, kuma a nan arzikin marubucin Hausa yake. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, sai ta ce “yaron nan”, kuma duk ƙaunar da ba za ta nuna a gaban mutane ba tana cikin wannan kawaicin. Kishiya ba sai ta zagi kishiya ba, kaza za ta kora daga bakin murhu tana cewa, “Ke ma ba ki san inda aka ajiye ki ba,” duk gidan kuma ya san da wa ake. Dattijo zai iya ƙin ba da 'yarsa ba tare da ya ce a'a ba, ya yi ta tambayar lafiyar mutanen gida har baƙi su gane su tashi. Tsawon gaisuwa ko gajartarta kaɗai na iya gaya maka an yi faɗa jiya. Duk wannan kyauta ce harshen ya ba mu. Amma ka buɗe yawancin labaran da ke yawo yanzu, uwa da 'ya da direba da malamin asibiti duk murya ɗaya gare su, kowa na faɗin abin da ke zuciyarsa dalla-dalla. Jaruma fara ce tas, doguwa, gashi har gadon baya. Jarumi miskili ne, ɗan masu kuɗi, ba ya dariya, ya dawo daga karatu a waje. An san su tun kafin a buɗe littafin, domin ba daga unguwa aka ɗauko su ba, daga littafin da ya gabata aka ɗauko su. Ba na ƙin labarin soyayya, ba na ƙin labarin masu kuɗi. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito daga gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya a farkon shekarun 1980, soyayya ce zalla, amma rugar Fulani da ke cikinsa ruga ce da marubuciyar ta sani, ba aro ta yi ba.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne gyara. Yau yawancin ƙagaggun labaran Hausa a waya ake rubuta su, a waya ake karanta su. Marubuciya ta yi taifin da dare, da safe ta saki feji a guruf na WhatsApp ko a Wattpad, fejin farko kyauta, sauran sai an biya. Ina murna da wannan ƙwarai. Mata da yawa suna samun na kansu daga ɗakinsu, ba su jira mawallafi ba, ba su roƙi kowa ba. Amma tsarin yana da farashi. Duk wanda ya taɓa rubuta dogon labari ya san sai ka yi nisa kake sanin mutanenka. A feji na sittin ne za ka gane ashe Hajiya tsoro take ji, sai ka koma feji na biyar ka gyara ta. To feji na biyar ya riga ya fita, dubban mutane sun karanta, ba ya dawowa. Ga kuma masu karatu a kanki kullum: “Anti, don Allah kar ki kashe shi,” “Anti, a ƙara yawan feji,” “Anti, a hukunta matar nan.” Wadda ke jin wannan kowace safiya da wuya ta iya yin abin da Balaraba ta yi wa Rabi, domin ranar da ta yi shi guruf zai watse mata. Sai labari ya yi ta tsawo yana bin son ran masu biya, har ya kai inda ita kanta marubuciyar ba ta san me ya kawo ta ba.

Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, ta nuna abin da ke faruwa in an juya tsarin. An ƙayyade kalmomi, ba a wuce 1,500, kuma sai an gama ake turawa. Dole mai rubutu ta zauna ta yanke, ta zaɓi abin da zai tsaya da abin da zai tafi, ta karanta ta sake karantawa. Na ga matan da suka saba da feji ɗari suna cewa wannan ɗan gajeren ya fi ba su wuya. Wuyar nan ita ce aikin. Shawarar da nake ba duk wanda ya kawo mini rubutu ita ce ya gama labarin tukuna kafin ya saki ko layi ɗaya, ya ajiye shi ya huce, sannan ya karanta shi da ƙarfi a gaban wanda ba ya jin nauyinsa. Duk inda harshensa ya sarƙe, ko mai sauraro ya fara duba waya, a nan gyara yake.

Imam yana da East a kusa da shi, mai karantawa ya ce wannan ya yi, wannan a sake. Ko da ban yarda da duk ƙa'idojin East ba, samun irin wannan ido na biyu shi ne abin da marubutanmu na yau suka fi rashi. Muna da masu duba ƙa'idojin rubutu, masu raba “ya na” da “yana”, amma mai zama ya ce wa marubuci babi na bakwai ba ya aiki, ko wannan matar ba za ta faɗi haka a gaban surukinta ba, da wuya ka same shi, domin ba a ɗauki abin a matsayin sana'ar da ake biya ba. Kuɗin kuwa akwai su. Abin da ake kashewa a bikin ƙaddamar da littafi guda, hayar zaure da kujeru da lemo da mai gabatarwa, kaɗan daga cikinsa zai ishi a biya wanda zai zauna da littafin da jan biro kafin a kai shi maɗaba'a.